Yadda Ake Zaɓen Safar Cafka ta Fata a Wasan Besbol: Jagora ga 'Yan Wasa da Iyaye a Accra

A filin besbol mutum tara ne ke tsaro, amma ɗaya ne kawai ake nufa da ƙwallo a kowane jifa, wato mai cafka, wanda ke tsugune a bayan mai bugu. Tsakanin mai jifa da wurin bugu ƙafa 60 ne da inci 6, mita 18 da 'yan kai ke nan, kuma a cikakken wasa mai cafka yakan tare jifa fiye da ɗari. Ƙwallon kansa bai wuce giram 142 zuwa 149 ba, sai dai tauri gare shi, kuma a hannun manyan 'yan wasa yana gudun da ya haura kilomita 145 a awa. Duk wannan a tafin hannu ɗaya yake ƙarewa. Shi ya sa safar mai cafka ta bambanta da ta sauran 'yan fili, ta fi su kauri da nauyi, kuma kuskure wajen sayenta ya fi na sauran ciwo.

A Accra wasan ba shi da jama'a kamar ƙwallon ƙafa ko dambe, kuma kayansa ba sa cika shaguna. Yaron Nima ko Maamobi ko Madina da koci ya ce masa "kai ne za ka tsuguna a baya" yawanci safa ɗaya zai samu, ita ce kuma za ta raka shi shekaru. Ra'ayina shi ne a zaɓe ta bisa ƙwallon da zai riƙa dukanta da hannun da zai shige ta. Sunan kamfani da launi su zo daga baya.

Mataki na farko: wane ƙwallo za ta tare, a wane hannu

Ka fara da tambayar kocin irin ƙwallon da ƙungiyar ke wasa da shi. Wannan tambaya tana da nauyi a Ghana fiye da wurare da yawa, domin Japanawa sun daɗe da hannu a besbol ɗin ƙasar nan, musamman ta hanyar JICA, hukumarsu ta tallafa wa ƙasashen waje, kuma kayan wasa na Japan suna yawo a hannun 'yan wasa. A Japan besbol iri biyu ne. Akwai na ƙwallo mai tauri wanda aka lulluɓe da fata, akwai kuma na ƙwallon roba mai rami a ciki. Kowanne da safarsa. Ta ƙwallon roba ta fi sauƙin nauyi, fatarta da cushenta ba su kai na ɗayar ba, ga araha. A ido kusan ɗaya suke, amma idan ƙwallo mai tauri ya yi watanni yana dukan safar roba, kwarminta, wato lotsin da ƙwallo ke sauka a ciki, zai saki, hannu kuma zai ji a jikinsa. Idan safar ta zo da takarda ko tambari, ka nemi waɗannan alamu: 硬式 na nufin ƙwallo mai tauri, 軟式 na nufin na roba. Ba sai ka iya Japananci ba, kwatanta zanen harafin farko ya isa.

Haka ma sofbol, wasan da ya yi kama da besbol. Ƙwallonsa ya fi girma, kewayensa inci 12 ne a wasan manya, alhali na besbol inci 9 zuwa 9¼ ne. Safar cafkar sofbol kwarminta ya fi faɗi, gefunanta sun fi siranta, ƙwallon besbol yawo yake yi a cikinta.

Sai hannu. Mai jifa da dama a hagu yake sa safa. A shagunan intanet za ka ga haruffan RHT, ma'anarsu safar mai jifa da dama ce, wato ta hannun hagu. LHT kuma ta bahago ce. Mutane da yawa suna juya wannan. Idan yaron bahago ne, a yi shawara da koci tun da wuri, domin safar cafka ta bahago tana da wuyar samu ko a Amurka, kasancewar bahagwai ba su cika tsayawa a wannan matsayi ba.

Mataki na biyu: ka tabbata ta cafka ce

Safar cafka ba ta da yatsu a rarrabe daga waje. Kusan zagaye take, bakinta da cushe mai kauri a ɓangaren babban yatsa da na sauran yatsu. Wadda ake rikita ta da ita ita ce ta mai tsaron zango na farko (zango a nan shi ne matsayar da mai bugu ke rugawa ya taka bayan ya buga ƙwallo), ita ma ba ta da yatsu, amma doguwa ce, siririya, ba ta da cushen kirki. A tulin gwanjo kuma wani lokaci akan ci karo da tsohuwar ƙira, dunƙulalliya mai ɗan rami a tsakiya wadda ba ta naɗewa. Wannan ta zamanin cafka da hannu biyu ce. Tun shekarun 1960, lokacin da masu cafka na Amurka Randy Hundley da Johnny Bench suka yaɗa cafka da hannu ɗaya, safar da ke da gaɓa tana rufewa ita ce ta karɓi fili, domin tana barin hannun jifa ya ɓuya a baya, ya tsira daga karaya. Tsohuwar ƙirar ta ajiya ce, kada a ba yaro.

Mataki na uku: girma

Sauran safofin besbol da tsawo ake auna su, ta cafka kuwa da kewaye. Ga yara 'yan ƙasa da shekara 12, inci 30 zuwa 32 ya wadatar. Matasa da manya suna tsakanin 32½ da 34. Dokar wasan ta hana ta wuce inci 38 a kewaye, amma babu mai zuwa kusa da nan sai wanda ke tare jifa na musamman mai rawa a iska. Yawanci an buga girman a jikin fata ko cikin lambar ƙirar, misali CM33 na nufin inci 33.

Babba tana ba mai jifa wurin auna da faɗi, tana kuma taimaka wajen tare ƙwallon da ya faɗi ƙasa. Ƙarama tana sa a zaro ƙwallo da sauri a jefa wa mai tsaron zango na biyu idan wani ya yi yunƙurin satar zango, wato ya ruga zango na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba. Ga saurayin da ya gama girma kuma safa ɗaya zai mallaka, ni 33 nake zaɓa.

Akwai ɗabi'armu ta sayen wa yaro kaya da girma, a ce zai cike su. Riga tana jure wannan, safa ba ta jurewa. Yaron da ba ya iya rufe safarsa zai koyi cafka da tafin hannu maimakon kwarmi, ƙwallo ya riƙa tsalle yana fita, babban yatsansa ya yi ta targaɗe. Abin da ya fi muni, zai fara kawar da kai idan jifa na zuwa, kuma tsoron ƙwallo idan ya shiga mai cafka yana da wuyar fita.

Mataki na huɗu: fata

Nan ne kuɗin suke tafiya, nan kuma ya kamata ka daɗe.

Safofin da suka fi ƙarko da fatar sa ake yinsu, wato namijin saniya da aka dandaƙe ya girma. Tana da kauri, da nauyi, da taurin kai. Sabuwarta ko rufuwa ba ta yi da hannu ɗaya. Jerin Heart of the Hide na kamfanin Rawlings da A2000 na kamfanin Wilson, wanda ya fito tun 1957, duk a wannan sahu suke. Sai fatar maraƙin da ya ɗan tasa, wadda a takardun kaya ake rubuta mata kip. Ta fi santsi da sauƙin nauyi, ƙofofin gashinta a matse suke, ta kuma fi tsada. Pro Preferred na Rawlings da ita ake yi. A ƙasa da su akwai fatar saniya ta gama-gari wadda aka riga aka laushe a masana'anta, tana shiga wasa da wuri, tana kuma gajiya da wuri. Daga nan sai roba da aka yi wa zanen fata, wadda ba na ba kowa shawarar saye don cafka, ko yaro ne.

Mai saye na farko yakan matsa safa biyu a hannu, ya zaɓi mai laushi. Akasin haka ne daidai. Taurin nan shi ne jarin da za ka yi shekaru kana ci. Safar da ta zo a laushe ta riga ta kashe rabin ƙarfinta, bayan damina ɗaya sai ka ga bakinta ya langaɓe, ƙwallo mai ƙarfi yana tura ta baya. Banda ɗaya ne, wato ƙaramin yaro wanda hannunsa ba zai iya lausasa safa mai tauri ba, kuma nan da shekara biyu zai fi ƙarfin safar. Shi mai laushin ta fi masa.

Yadda za ka gane fata ta gaskiya: ka danna da yatsa, za ka ga ƙananan tamoji sun taru sannan su baje. Ka duba gefen da aka yanka, fata tana nuna zare-zare irin na nama, roba kuwa tana nuna yadi ko soso a ƙasa. Ka sansana, ɗan zango da ya taso kusa da dukawa ya san ƙanshin fata. Ka duba ƙofofin gashi, na gaskiya ba sa jeruwa daidai da daidai.

Wannan duban yana da wani amfani gare mu. Wasu safofin yara masu araha da fatar alade ake yinsu, wani lokaci jikin duka, wani lokaci shafin ciki kawai. Alamarta ƙofofin gashi manya ne, a tare uku-uku. Mafi yawan malamai ba sa ganin jima tana tsarkake fatar alade, ga shi safa abu ne da hannu ke jiƙewa da gumi a cikinsa, yaro kuma daga fili sai sallar Magariba. Ka karanta bayanin kayan, ka leƙa ciki da fitilar waya. Safofi masu daraja shafin cikinsu na saniya ne ko tunkiya ko barewa.

Mataki na biyar: ɗinki, igiya da cushe

Maganar "aikin hannu" da 'yan kasuwa ke rubutawa tana buƙatar fahimta. Kusan duk safa mai daraja hannu ya taɓa ta sosai: ana yanka sassanta da ƙarfen yanka, a ɗinke ta a bai-bai da keke, a juye ta, a ɗora a kan wani hannun ƙarfe mai zafi don ta ɗauki siffa, a cusa cushe, sannan mutum ya zura igiyar fata rami bayan rami. Bambancin yana wajen wanda ya zaɓi fatar, da ɓangaren jikin dabbar da aka yanko tafin, da lokacin da aka ɓata wajen gyara siffa. Kamfanin Nokona har yanzu yana yin nasa a garin Nocona na jihar Texas. A Japan, Hatakeyama ya yi suna musamman a safar cafka, ga kuma Mizuno da ZETT. All-Star na Amurka shi ma masu cafka sun san shi. Amma rubutu a jiki ba hujja ba ne, akwai jabu masu ɗauke da manyan sunaye. Idonka ne zai yi aiki.

Ka bi ɗinkin da yatsa. Ya zama a jere, ba tsallake, ba zare a sake, musamman a gindin babban yatsa da inda raga ta haɗu da jiki. Ragar ita ce fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ita ce ke shan mafi yawan duka.

Igiya ita ce ke fara mutuwa a kowace safa. Faɗinta yakan zama 3/16 ko 1/4 na inci, kuma a raga mai faɗin ake so. Ka ja bakin ɗaya da ƙarfi. Idan ta miƙe ta siranta, ko ta yi fari-fari tana tsattsagewa a inda ta lanƙwasa, ba za ta daɗe ba. Igiyar raga idan ta tsinke ana tsakiyar wasa, ƙwallo fuskar mai cafka yake nufa ko alƙalin da ke bayansa.

Cushe kuma ka matsa shi a bakin babban yatsa da ɓangaren ƙaramin yatsa. Na ƙwarai dannannen ulu ne, yana da tauri, yana dawowa. Babban yatsan safar kada ya lanƙwashe baya cikin sauƙi, domin shi ne garkuwar naka yatsan. A tsakiyar kwarmi kuwa ba a son cushe ya yi yawa, yana tunkuɗo ƙwallo waje.

Mataki na shida: sa hannu a ciki

Idan safar tana gabanka, ka sa ta, ka tsuguna yadda za ka yi a fili, ka miƙa hannu na minti biyu. Idan kafaɗa ta fara kuka, ta yi maka nauyi. Ka girgiza hannu ƙasa, kada ta zame. A ciki akwai madauki na babban yatsa da na ƙaramin yatsa, ana ɗaure su ana sassautawa, ka gyara su kafin ka yanke hukunci. Wasu masu cafka suna fitar da manuni waje don rage masa raɗaɗi, wasu suna haɗa yatsu biyu a gurbin ƙarshe don kwarmi ya ƙara zurfi. Ka gwada yadda kake wasa. In da hali, wani ya jefo maka ƙwallo sau goma. Ya kamata ya sauka a gindin raga, tsakanin babban yatsa da manuni, da ƙara mai kauri, ba a tsakiyar tafi ba.

Mataki na bakwai: inda za a samo ta

Hanya uku ce a gabanmu. Ta farko saƙo. Zangunan Accra da Kumasi suna da 'yan'uwa da yawa a Bronx ta birnin New York, unguwar da filin ƙungiyar besbol ta Yankees yake, ga shagunan kayan wasa ko'ina. Amma kada ka ce "Yaya, a sayo mini safar besbol" ka yi shiru, domin ta fili za a kawo maka. Ka rubuta komai: ta cafka, ta besbol, inci kaza, RHT ko LHT, fata kaza, lambar ƙira. Ka roƙi a turo hoton tafi da baya da tambari kafin a biya. Safofi masu daraja a can sukan kai dala 300 zuwa sama, don haka rubutun minti biyar ba asara ba ne. Wajen aikowa, a sa ƙwallo a kwarmi, a ɗaure, a ɗora ta a saman kaya. Safar da ta yi makonni a ƙasan ganga, kaya sun danne ta, takan iso da karyayyar siffa.

Ta biyu intanet. Sayen kifi a ruwa ne, sai dai idan shagon sananne ne. Ka lissafa kuɗin aikowa da na kwastan tun farko. Idan ka ga babban suna a kan kwata na farashinsa, ka wuce, araha ba ta ado.

Ta uku gwanjo, a Kantamanto ko hannun tsofaffin 'yan wasa. Wannan hanya ina girmama ta. Tsohuwar safar fatar sa mai lafiyayyen jiki ta fi sabuwar roba nesa ba kusa ba. Abin da ake gyarawa: tsinkakkiyar igiya, datti, bushewa kaɗan, sakakken madauki. Abin da ba ya gyaruwa: tafin da ya tsage, ramukan igiya da suka yage, fatar da ke farfashewa idan an lanƙwasa, cikin da ya ruɓe da gumi, da safar da wani ya shayar da mai har ta yi nauyi ta yi laƙwas. Ka sa hannu ciki ka shafa har ƙarshen yatsu, ɓarnar da ta fi yawa a can take ɓuya.

Aikin baduku

Wasu kan tambaya ko baduku ba zai ɗinka ta tun daga tushe ba. Dukawanmu gwanaye ne, amma fatar da majema ke jemawa da bagaruwa yawanci ta akuya ce da tunkiya, siririya, ta dace da jaka da laya da kube da takalmi. Ba za ta tsaya wa ƙwallo mai tauri ba, kuma siffar safar tana buƙatar zubi da ƙarfe mai zafi na musamman. Inda baduku ke da rana shi ne sake igiya da ɗinkin da ya warware, kuma a nan yana iya ninka rayuwar safa.

Ka ɗauki hoton safar ta kowane ɓangare kafin a taɓa ta. Idan za ka iya, ka sa a haɗo maka igiyar safa ta asali a cikin saƙo, ba ta da nauyi. Sannan ka yi masa bayani da ladabi: "Baba, don Allah a bi tsohuwar hanya, a zare ɗaya a zura ɗaya, kada a kwance duka lokaci guda. Gefen mai santsi ya kalli waje, kuma kada a huda sabon rami." Idan zai yanka igiyar da kansa, ta zama ta fatar saniya mai kauri, a gwada ja kafin a zura.

Mataki na takwas: horar da ita

Sabuwar safar fatar sa tana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin ta shiga wasa. Kada a saye ta ana saura kwana uku gasa. Hanyar da ta fi kowace ita ce cafka: kullum a jefo maka, daga a hankali zuwa da ƙarfi. Tsakanin haka ka samu gudumar katako mai zagayayyen kai, kafinta zai fere maka daidai girman ƙwallo, ka riƙa dukan kwarmi da gaɓar da safar ke naɗewa. Bakin safar da babban yatsa ka bar su da taurinsu. Da dare ka sa ƙwallo a kwarmi ka ɗaure da tsumma. Kuma hannu ɗaya ne zai horar da ita, domin siffar hannun mai ita take ɗauka. A ƙungiyar da ake karɓa-karɓa da safa ɗaya, aƙalla a bar wa babban mai cafka watannin farko.

Mai kaɗan ake sa mata, abin da zai shafi bakin yatsa, a tsumma, a murza siriri. Man gyaran fata mai lanolin, wato maiƙon gashin tunkiya, shi ya fi. Idan babu, ɗan man kaɗe tsantsa zai yi, sai dai yana duhunta launi. Man ja, man gyaɗa da baƙin mai kada su kusance ta. Kada a jiƙa ta a bokiti, kada a gasa ta a wuta ko a shanya a kan kwano da rana tsaka. Duk waɗannan suna laushe ta yau, su kashe ta baɗi.

Ajiya a yanayin Accra

Iskar teku da damina suna kawo fumfuna, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Bayan kowane wasa ka goge ƙasa da busasshen tsumma, ka buɗe ta ta sha iska a inuwa. Kada ta kwana a cikin jaka tare da jiƙaƙƙun kaya, kada a ƙulle ta a leda. Siririyar safar hannu a ciki tana rage gumin da fata ke sha. Idan ruwa ya doke ta, ka cusa takarda a ciki kana canjawa har ta bushe da kanta, sannan ka shafa mai kaɗan. Fumfuna idan ta fito, a goge ta da tsumma mai ɗan danshi tun tana fari-fari, kafin ta ci cikin fata.

Hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, bushewa yake kawowa, kuma igiya ce ke fara nunawa. A wannan lokaci ka bi ta da ɗan mai, ka ƙara ɗaure ƙullin da ya saki. Kafin kowane wasa ka ja igiyoyin raga ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fara tsagewa a canja ta a makon, kada a jira ta tsinke.